Wutar Cek Ɗin Da Na Liƙe Da Salatif

Wata goma sha ɗaya na yi ina tuƙi da ɗan guntun baƙin salatif manne a gilashin dashbod. A ƙarƙashinsa akwai wata 'yar wuta ruwan ɗorawa mai siffar inji, wadda muke kira wutar cek. Ranar da ta fara kamawa, cikin Janairun 2023, na biya gareji na nuna wa bakaniken da na saba da shi. Ya leƙa, ya kasa kunne ya saurari injin, ya ce, "Malam, ai motar Amurka ce. Su ko tari aka yi kusa da su sai sun kunna wuta. In dai tana tashi tana tafiya, rabu da ita." Na rabu da ita. Da na ga tana damun idona da daddare, sai na liƙe ta.

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2004, 'yar Kwatano, mai injin nan na lita 1.8 da ake kira 1ZZ. Tun da na saye ta ba ta taɓa kwanar da ni a hanya ba. Ina zaune a Hotoro, ina aiki a Wudil, zuwa da dawowa kilomita 80 da 'yan kai, kwana biyar a mako. A da ban taɓa lissafin abin da take sha ba. In allura ta sauka in shiga gidan mai, shi ke nan. Sai da aka wayi gari ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sannan kowa ya zama malamin lissafi. Ni ma na sayi ɗan littafi na ajiye a aljihun ƙofa.

Yadda na auna ba wani abu ne mai wuya ba. In cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, in mayar da 'yar mitar tafiya sifili, in yi ta zirga-zirgata, sannan in koma in sake cikawa, in raba nisan da litar da ta shiga. Mitar motar da mil take ƙirga, don haka sai na ninka da 1.6. Sau uku na yi, sau uku amsar tana zuwa kusa da kilomita 8 da rabi a lita. Wani abokin aikina mai irin motar sak, hanya ɗaya muke bi, shi yana samun 12. Na zauna na buga: a kilomita 400 na mako, ina ƙona kusan lita 14 fiye da shi. A farashin lokacin, naira 600 da wani abu, kusan naira 9,000 ke nan duk mako. Na sake bugawa don ban yarda ba.

Da ido ya buɗe sai na fara ganin abubuwan da suka daɗe a gabana. Bakin salansa ya yi baƙi ƙirin, in ka zura yatsa sai ya fito kamar ka shafi gindin tukunya. A danja, in tana silo, takan ɗan yi rawa kamar za ta mutu sannan ta farfaɗo. Uwargida kuwa ta daɗe tana cewa in na tayar da ita da asuba hayaƙin yana shiga har ɗaki yana sa yara hawaye, ni ina ce mata ai haka mota take.

Na koma wurin bakanikena. Ya kwance fulogi huɗun, duk sun yi baƙi da busasshen toka. Ya ce fulogi ne. Muka canza. Mako guda babu bambanci. Ya ce nozul ne suka toshe, aka kwance su aka wanke. Babu bambanci. Ya ce to famfon mai ne, ko kuma indomi ta toshe, a yanke salansa a fasa ta a zubar mota ta sha iska. Indomi dai ita ce wannan tukunyar da ke jikin salansa, mai wani abu a ciki kamar saƙar zuma, wadda ke tace guba daga hayaƙi. Akwai ƙarafa masu tsada a jikinta, shi ya sa ake da masu sayenta, shi ya sa kuma shawarar a fasa ta ba ta wuyar fitowa daga bakin wasu. Ban ce nawa bakaniken da wata manufa ya faɗa ba. Mutum ne da ya koyi aiki a zamanin kafireta, kunnensa da hannunsa ne kayan awonsa, kuma a burki da ƙafa da giya har gobe shi nake kai wa. Amma a ranar na ce masa zan yi shawara. Na riga na kashe naira 26,000 an bar jaki ana dukan taiki.

Abokin aikin nan nawa ne ya ce in daina wahalar da kaina, in je a sa mata kwamfuta. Ya kwatanta mini wata rumfa a bayan wani gidan mai, inda wani matashi rewaya yake. Na same shi ranar Asabar da hantsi, cikin hazon Disamba. Yaro ne da bai fi shekara 28 ba, kowa a wurin Injiniya yake ce masa. Abin da ya fara yi shi ne ya sa farce ya ɓare salatif ɗin. Bai ce komai ba, ya manna shi a bayan hannunsa ya ci gaba da aiki. Na fi jin kunyar wannan shirun a kan a ce ya yi mini faɗa.

Ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin sitiyari ya jona na'urarsa a wani soket mai baki 16. Duk motar da aka ƙera don sayarwa a Amurka daga 1996 tana da shi, doka ce ta tilasta, ana kiran tsarin OBD-II. Shekara da shekaru ƙafata na gogar wurin ban san da shi ba. Ya murɗa makulli, allon ya kawo lambobi biyu: P0133 da P0171.

Ya ce ta farko tana nufin sensar oksijin ta gaba tana jinkirin amsawa. Ta biyu tana nufin ƙwaƙwalwar motar, birenbos, tana ganin iska ta yi wa mai yawa, wato man da ke shiga inji bai isa ba.

Na ce, "Injiniya, wane irin bai isa ba? Motar da ke shanye mini albashi?"

Ya yi dariya. "Baba, ai nan ne maganar take."

Ni a lokacin na riga na yanke hukunci. Tunda kwamfuta ta ambaci sensa, a canza sensa mu tashi. Na ma tambaye shi nawa take. Ya girgiza kai. Ya ce kwamfuta ba ta taɓa cewa a canza wani abu. Abin da take faɗa shi ne daga ina ƙorafi ya fito. Mutum nawa ne, in ji shi, suka sayi sensa sabuwa fil wutar ta dawo bayan kwana biyu, saboda tun farko sensar gaskiya take faɗa, tiyo ne ya tsage a wani wuri iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Ya ce in ba shi awa guda.

Yana jiran injin ya yi zafi yana mini bayani, ni kuma daga baya na bi na ƙara karantawa. Injin fetur yana son kowane giram guda na mai ya haɗu da giram 14.7 na iska. In mai ya fi haka, ana asara, hayaƙi ya yi baƙi. In ya gaza, inji ya yi zafi ya rasa ƙarfi. Birenbos ba ta ganin cikin inji, don haka aka dasa mata ɗan leƙen asiri, wato wannan sensar oksijin, a farkon salansa, daidai inda hayaƙi ke fitowa daga inji. Wani abu ne kamar fulogi, kansa yana cikin hayaƙi, a cikinsa akwai wani irin tangaran da ake yi da sinadarin zirkoniya. Gefe ɗaya na tangaran ɗin yana shaƙar hayaƙi, ɗaya gefen yana shaƙar iskar waje. Bambancin oksijin da ke tsakanin gefen biyu shi ke haifar da 'yar wutar lantarki. In mai ya yi yawa, oksijin ya ƙare a hayaƙi, sai ta ba da kusan volt 0.9. In mai ya yi kaɗan, oksijin ya yi saura a hayaƙi, sai ta sauka kusan 0.1. Birenbos tana ganin 0.9 ta rage mai, tana ganin 0.1 ta ƙara. Haka suke yi ba tsayawa, kamar mai girki da ke ɗanɗana miya tana daidaita gishiri. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙirƙiro ta, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. Abin ya girmi Injiniya nesa ba kusa ba, amma mu nan har yanzu kallon baƙo muke masa.

Ba ta aiki sai ta yi zafi sama da digiri 300, shi ya sa aka sa mata hita a ciki. Wayoyi huɗu ne ke fita daga gindinta: baƙaƙe biyu na hita, shuɗiya mai kai saƙo, da fara ta komawa. Kafin ta yi zafi, birenbos da abin da aka haddace mata take aiki. Tana yin zafi sai ta koma sauraronta.

Da allurar zafi ta kai tsakiya, ya juyo mini da allon. Akwai wani layi da ke nuna yawan gyaran da birenbos ke yi wa mai. A mota mai lafiya, in ji shi, bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa ba. Nawa ya haura 30 a sama. Wato duk wata ɗigon da ya kamata a zuba, ana ƙara masa kusan kashi ɗaya bisa uku. Ga inda naira 9,000 ɗina take tafiya, a rubuce, da baƙi a kan fari.

Saura a san dalili. Ko dai da gaske iska ta yi yawa, ko mai ya gaza, ko kuma ɗan leƙen asirin ƙarya yake kai wa. Ya fara da na farko. Ya ɗaga totur zuwa juyi 2,500 ya riƙe, yana kallon lambar. Ya ce in tiyo ne ya tsage, a silo abin yake tsananta, ana ɗaga wuta sai lambar ta sauko, don ɗan abin da ke shiga ta tsaga ba ya tasiri a cikin iska mai yawa. Tawa ba ta sauko ba. Duk da haka bai yarda ba, sai da ya bi tiyoyin ɗaya bayan ɗaya da hannu, ya fesa maganin wanke kafireta a bakin manifol, bututun da ke raba iska zuwa cikin inji, inda gasket yake, yana sauraron ko muryar injin za ta canza. Ba ta canza ba. Ya kwance sensar da ke auna iska a bayan filta, sukurori biyu ne kawai, ya duba siraran wayoyin da ke cikinta a hasken rana. Ƙurar hunturu ta ɗan hau su. Ya fesa musu maganinsu na musamman, bai taɓa su da komai ba, ya bari suka bushe ya mayar. Lambar ta ɗan motsa da maki biyu ta tsaya. Ya aiki yaronsa ya aro gejin auna ƙarfin mai a maƙwabta, aka jona, ya nuna 46. Littafin Toyota tsakanin 44 da 50 ya ce. Famfon da aka so in canza lafiyarsa ƙalau. Sai ya sa yaron ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, shi kuma ya kwanta a ƙasa yana sauraron ko hayaƙi na tsiyaya ta wani wuri kafin ya kai ga sensa, don rami a nan yakan zuƙo iskar waje ya yaudare ta. Babu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi burge ni a duk ranar, kuma shi ne na fi ba mutane labari. Motar sensa biyu gare ta, ɗaya kafin indomi, ɗaya bayanta. Aikin ta bayan shi ne ta duba ko indomi na aiki. Injiniya ya ɗora su biyun a allo ɗaya, kowace da zanenta. Ta gaba tana jan jiki tsakanin 0.1 da 0.3, a hankali, kamar tsoho a kan tsani. Tana cewa mai bai isa ba. Ta baya kuwa ta miƙe a 0.85 ba ta motsi. Tana cewa mai ya yi yawa. Hayaƙi ɗaya, bututu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi kamu biyu ba.

Ya ce, "Baba, shaidu biyu sun saɓa. Wa za mu yarda da shi?"

Na ce ai fulogi sun yi baƙi.

Ya ce, "Shaida na uku ke nan. Amma bari mu rantsar da su."

Ya zare tiyon da ke zuwa tukunyar burki, iska ta kwarara cikin inji, injin ya fara shaƙewa. Nan take ta baya ta faɗo ƙasa, wajen 0.1. Ya mayar da tiyon, ta koma sama. Tana ji, tana gani, ba maƙalewa ta yi ba. Sai ya juya gwajin: ya fesa maganin kafireta kai tsaye cikin maƙogwaron inji, abin da zai sa kowace sensa mai rai ta zabura zuwa 0.9. Ta gaba ta yi kamar ba da ita ake ba, sannan ta rarrafa ta kai 0.5 da ƙyar, ta koma. Ko a nan bai ce a saya ba. Ya ɗauko allurar ɗinki ya zura ta bayan soket ɗin sensar, ya jona mita, don ya tabbatar abin da ke fita daga sensa shi ne ke isa birenbos, ba waya ce ta goge a hanya ba. Lamba ɗaya ce. Ya auna hita, ba ta yanke ba. Sai a lokacin ya miƙe ya kaɗe wandonsa ya ce, "To yanzu mu je kasuwa."

Na tambaye shi me ya kashe ta. Ya haska mini bayan injin da fitilar waya. A wannan injin manifol ɗin hayaƙi a baya yake, ta wajen bangon da ya raba inji da mazauni, wurin da ido ba ya kaiwa sai an leƙa. Gasket ɗin marfin inji yana tsiyayar da baƙin mai, ya gangaro ya jiƙe gindin sensar, ƙura ta hau ta zama kamar kwalta. Ya ce ta nan take shaƙar iskar wajen da take gwada hayaƙi da ita, in wurin ya toshe ko mai ya shiga, awonta ya karkace. Ga kuma tsufa, don da alama ita ce ta zo da motar daga kamfani, ta yi shekara 19. Ya ƙara da cewa masu wankin inji da kananzir da ruwa mai ƙarfi ma suna kashe su da yawa. Na yi shiru, don duk sallah sai na sa an wanke.

Muka hau babur ɗinsa zuwa Ƙofar Ruwa. A shagon farko aka zube mana kwali cike da 'yan Baljiyam, kowace naira 12,000, wasu da guntun waya, wasu kawunansu sun yi fari, wasu baƙi. Injiniya ya ce caca ce: ba ka san ko ita ma don ta gaji aka cire ta ba, kuma ido ba ya nunawa. A wani shagon aka nuna mana sabuwa a cikin kwali marar suna, wai tana shiga kowace mota, sai dai a yanke waya a haɗa. Ya ƙi ko taɓa ta. A na uku mai shagon ya ɗauko wata mai kyau, ya ce ta Corolla ce, ya rantse. Kuma gaskiya ya faɗa, ta Corolla ce. Injiniya ya goge jikinta da babban yatsa ya karanta lambar da aka zana: ta fara da 89467. Ya mayar masa. Ya ce tamu da 89465 take farawa.

A hanya ya warware mini. Daga ƙirar 2005, Toyota ta canza sensar gaba ta Corollar Amurka zuwa wata iri da ke auna ainihin yawan mai da iska, ba wai "ya yi yawa" ko "ya yi kaɗan" kawai ba. A ido kusan ɗaya suke, noti ɗaya, haƙora ɗaya, waya huɗu. Amma harshen da suke magana da birenbos daban ne. Jikin Corolla 2004 da 2005 kuwa sai wanda ya sani ke bambancewa, don haka mai shago bai yi laifi ba. Da ni kaɗai na je, da na biya na yi godiya.

A ƙarshe muka samu ta Denso, kamfanin da ke yi wa Toyota tun asali, a kwalinta, naira 48,000. Na tsaya ina juya kwalin. Na tuna 9,000 a mako, na ga mako shida ne ta biya kanta, na ƙirga kuɗin. Muka haɗa da gasket ɗin marfin inji, don ba amfanin sa sabuwa a ƙarƙashin ɗigo.

Cirewa ita ce ta ci mana yamma. Motocin da suka yi zama a jihohin Amurka masu ƙanƙara, inda ake barbaɗa gishiri a titi, ƙarƙashinsu yakan ci tsatsa, tawa kuwa da alama can ta fito. Shekara 19 na zafi da sanyi sun mayar da sensa da manifol abu ɗaya. Injiniya yana da soket na musamman, lamba 22, mai tsaga a gefe don waya ta wuce. Ya tayar da injin minti biyu ya ɗan ɗumama, don ƙarfe ya saki, ya kashe, ya zura hannu ta bayan inji har kafaɗa. Ya danna. Soket ɗin ya fara buɗe baki ta wajen tsagar, yana neman cinye kusurwar notin. Ya tsaya nan da nan. Ya ce in kusurwa ta lalace, sai dai a sauke manifol gaba ɗaya. Ya fesa WD-40, man sassauta tsatsa, muka tafi sallar la'asar, muka dawo ya sake fesawa. Sannan ya ɗauko filaya ya dube ni.

"Baba, zan yanke wayar. In na yanke ba komawa."

Na ce, "Ai ka rantsar da ita ta faɗi. Yanke."

Ya yanke, ya zura sifana mai zobe wadda ke kama noti ta kowane gefe, ya saƙala mata guntun bututu don ƙarin tsawo. Ba fizga ya yi ba, dannawa ya yi a hankali yana ƙara nauyi. Sai muka ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Gabana ya faɗi, na ɗauka wani abu ne ya ɓalle. Shi kuwa murmushi ya yi. Ya ɗan kwance, ya ɗan ɗaure, ya fesa mai, ya sake kwancewa, a haka har ta fito. Bayan hannunsa ya yage a jikin garwar da ke kare zafi, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Kan tsohuwar ya yi baƙi, ƙananan hujojin da hayaƙi ke shiga rabinsu sun toshe da toka.

Sa sabuwar bai ɗauki minti goma ba, amma da ladabi ya yi shi. Ya goge haƙoran ramin da ɗan buroshin ƙarfe. Sabuwar ta zo da wani maiƙo mai launin toka a haƙoranta don kada ta kama nan gaba, ya ce kada ko kaɗan ya taɓa kan. Da yatsu ya fara ɗaura ta har ta zauna, bai jona soket ɗin waya ba sai da ya gama, don kada wayar ta murɗe. Sannan ya ɗaure da sifana mai awo a kan 44, abin da littafi ya ce. Ya bi wayar ya maƙala ta a maƙalanta nesa da zafi. Ya canza gasket, ya goge lambobin da ke cikin birenbos tare da tsohon lissafin man da ta saba da shi, ya ce in tayar.

Minti biyu zanen yana kwance. Sai ya fara motsi. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, daga 0.1 zuwa 0.8 da wani abu, kusan sau ɗaya a daƙiƙa da ya ɗaga totur, kamar haƙoran zarto. Ban san zane a allo zai iya faranta wa mutum rai haka ba. Muka zaga ta Hotoro muka dawo, na'urar tana kan cinyarsa. Lambar da ta haura 30 ta zauna a 3. A danja na saki totur ina jiran rawar nan, ba ta zo ba. Na biya shi naira 5,000 na kwamfuta da 7,000 na aiki. Kafin in tafi ya ɓare salatif ɗin daga bayan hannunsa ya miƙo mini.

Ya kuma ce akwai magana ɗaya. Ya sake nuna mini zanen ta baya. Yanzu da mai ya daidaita, kamata ya yi ta kwanta kusan miƙe, don indomi mai lafiya tana shanye hawa da saukar da ta gaba ke nunawa. Tawa tana ɗan kwaikwayon ta gaba. Ya ce wata goma sha ɗaya ana tura mata ɗanyen mai tana ƙona shi a cikinta, ta sha zafin da ya fi ƙarfinta. Wataƙila ta ɗan farfaɗo in aka yi doguwar tafiya, wataƙila kuma a'a.

Cikawar farko bayan gyara ta ba ni kilomita 11.3 a lita. Ta biyu, da na yi tafiyar Zariya a ciki, 12.1. Uwargida ce ta fara lura da cewa hayaƙin asuba ya daina shiga ido, ta kuma tabbatar ta tuna mini wanda ya fara faɗa. Na sayi 'yar ƙaramar na'ura ta kaina, irin wadda ake jonawa a soket ɗin nan ta yi magana da waya, na bar ta a aljihun mota tare da tsohuwar sensar.

Mako uku da kwana biyu bayan gyaran, ina gangarowa daga gadar Wudil da yamma, wutar ta sake kamawa. Na sauka gefen titi na jona na'urar. P0420. Na ɗauki hoton na tura wa Injiniya. Ya amsa da saƙon murya, ana jin ƙarar guduma a bayansa: "Baba, indomi ce, kamar yadda muka ce. Ba za ta ƙara maka shan mai ba, kana iya tafiya. Kar dai ka bari kowa ya fasa ta, sai mun samo wata." Na tambayi kuɗin 'yar Baljiyam mai kyau, ya faɗa mini, na yi salati. Na shiga adashen ofis, kwasata a watan Afrilu take.